Hannu a Baya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Anti da yara. Ina fata makaranta tana tafiya daidai, ɗalibai ba su ƙarasa cinye maka sauran gashin kai ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, ni da ko a aji sai an tsaya a kaina nake rubutu. Waya ce ta ishe ni. A waya kowa lafiya lau yake, har wanda ke kwance. Duk lokacin da na kira Inna na ce a ba ni Baba, sai ta ce yana barci, ko yana alwala, ko ya ɗan fita. Yaushe Baba ya fara barcin hantsi? Mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya buɗe shago.

Ga kuma abin da ya fi tsaya min a rai. Tun da na zo nan aiki, ban taɓa kiran gida da rana ba sai na ji ƙarar keken ɗinki a bayan muryar Inna, Baba yana gwada wanda ya gyara. Har tsaki nake yi in ce a jawo ƙofar shagon mana in ji magana. Yanzu gidan tsit, sai famfon tsakar gida da ke ɗiga nake ji.

Yaya, kullum ina cikin marasa lafiya da danginsu, na san muryar mai ɓoye ciwo. Kai kuma ba ka iya ƙarya a takarda ba, ko waƙafi ba ka yarda ya zauna inda ba wurinsa ba. Ka rubuto min gaskiya.

Ga hoton da Inna ta daɗe tana nema na sa a ciki, da kayan aiki a jikina. Kada ka yi wa takalmin dariya, a wurin aiki aka ba mu.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa wasiƙarki ta iso, kuma na daure ban taɓa ta da jan biro ba.

Kin tambayi gaskiya, ga ta. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. A shago abin ya same shi. Yana duba ƙoshiyar zaren wani keken ɗinki sukudireba ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ya ɗan jima a asibiti, yanzu yana gida. Hankalinsa garau, ya san kowa. Magana tana fita amma da nauyi, shi ya sa ya hana a ba shi waya, ya ce ba za ki ji shi yana jan harshe ba. Inna ce ta sa muka yi shiru, ta ce kina nesa, babu abin da za ki yi sai kuka.

Ki kwantar da hankalinki, ba a bar shi ya rasa komai ba. Inna ba ta matsawa daga gefensa. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke masa wanka da alwala, ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ko ƙuda ya sauka a hannunsa ita ke korewa. Ni nake ɗaga shi daga gado zuwa kujera da safe kafin in tafi makaranta, in mayar da shi da yamma. Shagon kuma na lulluɓe kekunan da tsofaffin zannuwa na sa kwaɗo, don kada ya hango su ransa ya ɓaci. Teloli suna zuwa da kan keke a kafaɗa, muna ba su haƙuri daga bakin ƙofa. A asibiti sun ce a riƙa kawo shi gashin ƙashi. Mun je, ya dawo a galabaice, Inna ta ce ba za a ƙara wahalar mata da miji ba.

Hotonki yana jingine a teburin gefen gadonsa, da hannun hagu yake jawo shi ya duba idan ya ga kamar ba a kallonsa. Ni abin da na tsaya a kai shi ne katin da ke rataye a ƙirjinki, inda aka rubuta “assistant” a ƙarƙashin sunanki. Kin san halina, sai da na ɗauko ƙamus. Mu a aji mataimaki muke fassarawa mu wuce, ashe kalmar ta sha tafiya. Masu Turanci aro suka yi daga Faransanci, su kuma daga tsohon harshen Latin, kuma a can asalinta tsayawa ce kusa da mutum, babu maganar ɗaukar kaya ko ba da wani abu a ciki. A Faransanci har gobe da ita suke cewa mutum ya halarci taro. 'Yan ƙwallo kuma sun ɗauke ta sun ba wanda ya miƙa ƙwallo wani ya ci, ana ta tafa wa wancan shi yana tsaye a baya. Na karanta wa Baba duk wannan don in ɗebe masa kewa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To tana tsaye kusa da wa?” Sai na rufe littafin.

Ba don in sosa miki rai na rubuta wannan ba. Amma idan da hali, ki zo.

Antinki da yara suna gaishe ki. Allah ya tsare, wassalam.

Yayanki

* * *

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

A tsaye na karanta wasiƙarka, a ɗakin da muke ajiye tawul da sandunan tafiya, don nan ne kawai mutum zai yi kuka ba a tambaye shi dalili ba. Da na gama kukan sai fushi ya zo, kuma da shi nake rubutun nan, ka yi haƙuri.

Zuwa dai ba zan iya ba yanzu. Takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa, idan na fita kafin su fito ba ni ba dawowa, aikin ma ya tafi. Na je wurin shugabarmu, na je ofishin da kaina, kowa ya tausaya min da baki. Ka gaya wa Baba ina tsaye kusa da iyayen wasu, kuma duk tsohon da na riƙe wa ƙugu shi nake gani. Akwai wani a nan mai gyaran murya irin tasa kafin ya yi magana, in na ji sai in juya da sauri kamar wawiya.

Yanzu ka ajiye ƙamus ka saurare ni. Ciwon Baba shi ne aikina. A sashen masu shanyewar jiki nake, ni ce ke tsayawa da su bayan likitan gashi ya tsara musu abin da za su yi. Wannan gatan da kuke yi masa, hannunsa kuke kashewa. Watannin farkon nan su ne lokacin da jiki ke neman hanyar dawowa. Hannun da ba a sa shi aiki ba sai yatsun su dunƙule, kafaɗa ta ƙage, bayan nan ko an yi kuka ba ya buɗewa. Na gani da idona, 'yan gata sun fi kowa lalacewa, don kafin su motsa an riga an yi musu.

Ka san abu na farko da aka koya min a nan? In sa hannuna a baya. Ranar da na fara, wata tsohuwa tana fama da cokali abinci yana zuba a ƙirjinta, na kai hannu zan karɓa, matar da ke koya min aiki ta buge min hannu kamar zan taɓa wuta. Ta ce in kama wuyan hannuna ɗaya da ɗayan ta baya, in tsaya in yi shiru. Na ce a raina wannan mata ba ta da imani. Tsohuwar nan da ƙafarta ta bar asibitin, har ta juyo daga bakin ƙofa ta yi min faɗa a kan yadda nake gyaran gado.

To ga abin da nake roƙo. A bar masa cokali, ko rabin abincin zai zube. A bar masa maɓalli, ko zai kai azahar yana ɓallawa. Ka daina ɗaukarsa kamar buhu, ka bari ya dafa ya miƙe, ya taka da kansa zuwa banɗaki. Ku koma gashin. Kuma don Allah wa ya aike ka rufe shago? Abin da zai sa mutum ya so tashi shi ka je ka sa wa kwaɗo.

Ni Inna nake tsoro, kai ka san yadda za ka lallaɓa ta. Ka riƙe min hannun Baba, na daman, ka ce daga ni ne.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, gidan ba daɗi.

Baba ya faɗi. Goshinsa ya fashe a gefen ƙofar banɗaki, an yi masa ɗinki. Ƙashi bai karye ba, alhamdu lillahi, amma Inna ta daina yi min magana, ta bakin Antinki take aiko min da saƙo.

Ga yadda aka yi. Na karanta wa Baba wasiƙarki Inna tana kasuwa. Da na zo wurin maganar shago ya ɗaga min hannun hagu ya ce in maimaita. Washegari da hantsi, ranar babu makaranta, Inna ta ɗan fita, ya ce shi zai je banɗaki da kansa. Na ba shi sanda, ya dafa gado, ya yi ta yunƙurawa yana komawa zaune har dai ya miƙe. Na sa hannu a baya kamar yadda kika ce. Auta, ban taɓa ganin abin da ya fi wannan wuyar kallo ba. Mutumin da ke ɗaukar kan keke da hannu ɗaya, ga shi yana jan ƙafa yana haki, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana satar kallona ya ga ko ina ganin halin da yake ciki. Kunyata yake ji, ni ɗansa. Sai na ga gara in ba shi wuri. Na fita tsakar gida na juya baya, ban kai ga famfo ba na ji ƙarar.

Inna ta dawo ta tarar da jini a rigarsa. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta wanke shi, ta sa aka kira mota, da muka dawo daga asibiti ta tambayi wanda ya kawo wannan shawara. Na faɗa mata. Ta ce a ba ta takarda da biro.

Ban san abin da za ta rubuto miki ba, ta hana ni gani, ta ce ba ta son a gyara mata. Ki dai shirya. Ni na koma ɗaukarsa, kuma tun ranar bai ƙara cewa a ba shi sanda ba. Idan na shigo sai ya juya fuska bango. Ban sani ba ko faɗuwar ce ta karya masa zuciya, ko komawar da muka yi gidan jiya.

Ban ɗora miki laifi ba. Amma ke kina can kina faɗa, mu muke goge jinin, ki riƙa tunawa da haka idan za ki rubuto.

Wassalam.

Yayanki

* * *

Auta,

Ina gaishe ki. Ina fata kina cin abinci, don a hoton nan duk kin rame, wuya ya yi tsawo.

Rubutuna ba irin na yayanki ba ne, ki karanta a haka. Da na ɗauki biro niyyata in wanke ki tas. Na cika shafi na yaga, don duk abin da na faɗa a ciki na san amsar da za ki ba ni, bakinki irin nawa ne.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba game da babanku. Tun da aka kawo ni gidan nan mutumin nan bai taɓa bari na yi masa abu ba. Maɓallinsa ya cire, shi zai ɗinka. Rigarsa shi ke gogewa, wai ni ina ƙona wuya. Shayinsa shi ke haɗawa. Ko ciwon kai yake sai dai in gani a tafiyarsa, in na tambaya ya ce lafiya. Mata suna cewa na yi dace, miji ba ya wahalar da ni. Ni kuwa sau nawa ina tsaye a ƙofar shago da ruwa a hannu, ina jiran ya ɗago ya ce yana so, ba ya ɗagowa. Ba mugu ba ne, kin sani. Haka Allah ya yi shi, bai iya karɓa ba.

Yanzu da safe in na jiƙa tawul da ruwan ɗumi ina goge masa fuska, sai ya rufe ido ya saki kansa a tafin hannuna. Na haifa masa ku duka, Auta, ban taɓa sanin nauyin kansa ba sai bana. In ina ba shi abinci ni yake kallo. Allah ya sani ban yi murna da ciwonsa ba, da za a ce in karɓar masa da na karɓa. Amma abin da na jira tun ina amarya a cikin ciwon nan ya zo min, ke kuma kin aiko daga nesa a karɓe.

Na ga yatsunsa, ba makauniya ba ce ni. Da, in na buɗe su suna zama, yanzu sai su koma su dunƙule kamar na jariri. Jiya na sa masa cokali a ciki don in gani. Ya kalle ni, na kalle shi, na cire na ci gaba da ba shi. Na kasa.

Kin ce ke aikinki ne. To ki gaya min, ni, ba yayanki ba. Idan na sa hannu a baya me ya rage da zan yi masa? Kuma idan ya warke ya koma shagonsa, wa zai ƙara kallona?

Ki riƙa rufe jikinki da kyau, an ce wurinku da sanyi. Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Innarki

* * *

Innata,

Na durƙusa na gaishe ki. Ya jikin Baba, ya goshin? Ya ƙoƙari? Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya.

Faɗa na shirya wa, sai kika aiko min da abin da ya fi faɗa nauyi. A motar zuwa aiki na karanta, har na wuce inda nake sauka ban sani ba.

Faɗuwar Baba ina da hannu a ciki. Na ce a sa hannu a baya, ban yi bayanin sauran ba, na ɗauka kowa ya sani don ni na saba. Ba a tafiya a bar mutum, Inna. Tsayawa ake yi dab da shi ta ɓangaren da ba ya ji, kafaɗarki kusa da tasa har yana jin ɗuminki, hankalinki a kan gwiwarsa. In ta lanƙwashe ki tare shi kafin ya kai ƙasa. In ba ta lanƙwashe ba, kada ki taɓa shi. Yaya ba zai iya ba, Baba yana jin kunyarsa, shi ma yana jin kunyar Baba. Mutum ɗaya ne ya rage wanda Baba ba ya ɓoye wa rauninsa, kuma ke kika faɗa min da kanki.

Kin tambaye ni me zai rage miki. Ba zan yi miki ƙarya ba, cokalin zai tafi, maɓallin ma zai tafi. Amma fuskar ki ci gaba da goge masa, babu likitan da ya hana. Ko ya warke kada ki fasa, in ya yi gardama ki ce yana cikin magani, ni na ce. Kuma abin da na gani a nan, mai koyon tafiya kafin ya ɗaga ƙafa sai ya nemi wanda ke tsaye kusa da shi da ido. Ko zai ci gaba da kallonki bayan ya koma shago, wannan ban sani ba. Ban isa in yi miki alkawari a kan halin Baba ba.

Ki karɓi makullin shago a hannun Yaya. A ɗauko kan keke ɗaya a ɗora a tebur a gabansa, ba sai an ce masa komai ba.

Inna, ina kewarku har abin yana min ciwo a ƙirji. Jiya na tsaya a bakin wani shagon tela a hanya don kawai ƙanshin man keke, har mai shagon ya leƙo ya tambaye ni ko ɗinki na kawo. Takardun ba su fito ba tukuna. Kullum na dawo sai na duba akwatin wasiƙu kafin in cire takalmi.

Ki ƙara sa min albarka.

'Yarki,
Auta

* * *

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwar jinkirin amsa. Jarrabawa ce ta taso, kuma na so in ga inda abin zai tsaya kafin in rubuta, kada in yi saurin murna.

Ban san abin da kika rubuta wa Inna ba. Abin da na sani shi ne ta aiko Antinki ta karɓi makulli, washegari kuma ta fara yi min magana, da faɗa ta fara, wai na bar ƙura ta cinye shagon.

Hannu a baya dai Inna ta kasa. Ta gwada, da cokali ya karkace sai hannun ya fito da kansa. Sai ta samo tata dabarar, idan yana cin abinci zama take yi a kan hannayenta, tana kallon silin tana ta salati. Idan tafiya ce tana ɓangarensa na dama, baki yana motsi. Ya ƙara zamewa a tsakar gida, ta tare shi da ƙugunta, suka zube tare a kan tabarma. Na fito a guje na tarar da su suna dariya, aka ce in koma inda na fito. Mun koma gashin kuma, ita ke raka shi, har ma'aikatan sun san ta da gardama.

Kan keken ya daɗe a gabansa bai ko kalle shi ba. Ran nan matar nan mai ɗinkin labule ta ƙarshen layi ta zo, kekenta yana tsallake ɗinki. Na tashi zan ba ta haƙuri, Inna ta ce a shigo da shi. Baba ya sa aka juya masa ya saurara, ya ce allura ce ba ta haɗuwa da ƙoshiya a kan lokaci. Hannun dama bai iya riƙe sukudireba ba tukuna, sai ya dafe kan keken da shi ya yi aikin da hagu, Inna tana riƙe da 'yan ƙananan ƙusoshin a tafin hannu, tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya idan ya ɗago ya dube ta. Gyaran da yake gamawa kafin shayi ya huce ya ci musu yini, amma matar ta tafi da kekenta yana ɗinki. Yanzu Inna a shagon take wuni tare da shi, an sa mata kujera, har ya fara yi mata faɗa wai tana haɗe masa ƙusoshi. Ban taɓa ganin wanda ake wa faɗa yana murmushi haka ba.

Babban yatsa da na kusa da shi sun fara haɗuwa. Amma likitan gashi ya ce kada mu sa rai da duka, ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa mai yiwuwa sun tafi ke nan, an makara. A gaban Inna ya faɗa. Da muka iso gida ta shiga ɗaki ta jima ba ta fito ba.

Sai dai kin jawo mana wani sabon aiki. Tun da ƙafa ta fara ɗaukarsa, wuri ɗaya yake zuwa. Bayan la'asar sai ya ɗauki sanda ya bi layi har bakin babban titi inda motoci ke sauke fasinja, ya tsaya, Inna tana gefensa. Duk motar da ta tsaya sai ya duba masu sauka har na ƙarshe. Na ce masa takardunki ba su fito ba, kuma ba za ki zo babu sanarwa ba. Ya ce shi motsa ƙafa yake yi, ba likita ne ya ce a yi ba?

Akwai 'yar takarda a cikin ambulan ɗin nan. Ya ƙi in rubuta masa, ya ƙi in riƙe masa biro, ya ƙi in duba. Na dai ga tarin waɗanda ya yaga a ƙarƙashin tebur.

Antinki da yara suna gaisuwa. Allah ya fito miki da takardunki cikin gaggawa, wassalam.

Yayanki

* * *

Auta,

Sallama. Ni ne, da hannuna. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ina kaiwa bakin titi yanzu. Zuwa ba wuya. Dawowa gida babu ke ce take gajiyar da ni.

Ki faɗa min ranar. Kada ki gaya wa yayanki, zai ce zai je da mota. Ni zan tarye ki. Ƙaramar jakar ki bar min, zan iya.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki